Juma'ar da Ba a Gane Ta Tun Daga Laraba

A wani dare cikin watan Fabrairu, bayan kowa ya kwanta, 'yata ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da nake karatu, ta shigo rungume da kwamfutarta, ta ce da ni, "Baba, maɓallin janyewa ya ɓace." Da farko ban fahimci abin da take nufi ba, sai da ta zauna ta buɗe shafin da ɗaya daga cikin jami'o'in Amurka da ta nema ta ware mata, ta nuna mini wani fili a ƙasan allon, inda a da akwai ɗan rubutun da mutum zai danna idan yana so ya janye takardar nemansa. Rubutun ya kwana a wurin jiya, yau kuma babu shi. Wata ƙawarta ta ce mata hakan na nufin an riga an ɗauke ta, wani ɗan ajinsu kuma ya ce ai bara waɗanda nasu ya ɓace su ne aka ƙi. Ta dube ni tana jiran in raba gardama, hannunta yana ɗan rawa a kan allon, ni kuwa ba ni da abin da zan faɗa mata face in ce ta je ta kwanta. Ta tafi, amma na san ba ta yi barci ba, domin ni ma ban yi ba.

Tun daga wannan daren nake ta juya al'amarin a raina, kuma yau da ya rage kwana 11 a saki sakamakon jami'o'in da ta fi ƙwallafa wa rai, na ga ya kamata in rubuta abin da na fahimta, tun kafin sakamakon ya zo ya sauya mini labarin. Idan an ɗauke ta, zuciyata za ta so ta ce ai alamun sun nuna tun farko, idan kuma ba a ɗauke ta ba, za ta so ta ce ai dama jikina ya ba ni. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma yanzu ne kaɗai zan iya faɗin haka da tsarkin zuciya.

Ga wanda bai san tsarin ba, yawancin masu neman gurbin karatu a manyan jami'o'in Amurka suna tura takardunsu ta manhajar Common App, wadda jami'o'i sama da 1,000 suke amfani da ita. Akwai zagayen wuri, wanda ake rufewa a farkon Nuwamba, a kuma fitar da sakamakonsa a tsakiyar Disamba, sai babban zagaye da ake rufewa a kwanakin farko na Janairu, wanda sakamakonsa ba ya fitowa sai wajajen ƙarshen Maris. Ke nan ɗalibi ɗan shekara 17 ko 18 zai yi kusan mako 12 yana zaman jiran tsammani, bayan ya riga ya zuba duk abin da yake da shi, na maki da rubutu da shaidar malamai, kuma babu sauran abin da zai iya ƙarawa. A cikin waɗannan makonni kowace jami'a tana ba shi shafinsa na kansa, inda zai ga ko takardunsa sun cika. Wannan shafi, da aka yi shi domin sauƙaƙa aiki, shi ne ya zama faifan duba ga dubban yara da iyayensu.

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma na girma ina gaskata wannan magana, domin a harkokin rayuwa da yawa haka abin yake. Sai dai karin maganar tana aiki ne a inda Larabar da Juma'ar suke da tushe ɗaya, a inda abin da ka gani yau ɓangare ne na abin da zai faru jibi. A wannan harka kuwa, mafi yawan abubuwan da yara ke kira alamu ba su da wata alaƙa da ɗakin da ake yanke hukunci. Maɓalli yana iya ɓacewa saboda ma'aikacin kwamfuta yana shirya shafin domin ranar sakamako, kuma yana iya yin hakan rukuni-rukuni, ta yadda na wani zai sauya yau, na wani sai gobe. Saƙon gayyata zuwa wani taron intanet yana iya zuwa daga ofishin tallata jami'a, wanda ke aika wa duk wanda adireshinsa ke cikin rumbunsu. Hira da tsohon ɗalibin jami'a, wadda 'yata ta yi kwana biyu tana murna da samunta, a wurare da yawa ta dogara ne kan ko akwai tsohon ɗalibi mai lokaci a kusa da inda mai nema yake, shi ya sa jami'o'in da kansu suke rubutawa a fili cewa rashin samun hira ba zai cutar da kowa ba.

Alamar da ta fi ruɗar mu ita ce ta kuɗi. A ƙarshen Fabrairu wata jami'a ta aiko tana neman ƙarin takardun haraji da shaidar albashi, ta hanyar IDOC, wato tsarin da hukumar College Board ke tattara wa jami'o'i irin waɗannan takardu bayan an cike fom ɗin neman tallafin kuɗin makaranta mai suna CSS Profile. Ni kaina na faɗa cikin wannan rami, domin tunanin yana da kama da hankali: me zai sa su ɓata lokacinsu suna lissafin tallafin yarinyar da ba za su ɗauka ba? Sai da na zauna na karanta bayanin da ofisoshin tallafin suka wallafa, na ga cewa a jami'o'i da yawa ofishin tallafi daban yake da ofishin ɗaukar ɗalibai, kuma aikinsa shi ne ya tabbatar fayil ya cika tun da wuri, don kada ranar sakamako ta zo a rasa adadin da za a rubuta wa wanda aka ɗauka. Wasu saƙonnin ma na'ura ce ke tura su da kanta ga duk wanda wata takarda tasa ba ta iso ba. Saƙon yana cewa ne a aiko da takarda, ba ya cewa komai bayan haka, mu ne muka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali, ko da yake ta wata fuskar ya ƙara mini tausayin yaran, shi ne abin da ya fito a shari'ar da aka yi da jami'ar Harvard a kotun tarayya da ke Boston a 2018. A wannan shari'a jami'an ɗaukar ɗalibai sun bayyana a gaban alƙali yadda suke aiki: ana fara karanta fayil a ba shi maki, sannan ƙaramin kwamiti na yanki ya tattauna shi, sannan a kai shi gaban babban kwamiti na mutum kusan 40, waɗanda ke kaɗa ƙuri'a. Bayan duk wannan kuma, idan waɗanda aka amince da su sun fi guraben da ake da su yawa, sai a sake bin jerin ana cire sunaye a kwanakin ƙarshe. Ma'anar wannan a wurina ita ce, a daren da 'yata ta shigo da kwamfutarta, mai yiwuwa ne ƙwarai babu wani mahaluƙi a duniya da ya san amsar da take nema, har da mutanen da za su yanke hukuncin. Muna ƙoƙarin karanta wasiƙar da ba a riga an rubuta ba.

Ba zan ce babu alama ta gaskiya ko ɗaya ba, domin akwai. Jami'o'i takwas na ƙungiyar Ivy, wato Harvard da Yale da Princeton da Columbia da Brown da Dartmouth da Cornell da Pennsylvania, suna sakin sakamakon babban zagaye a rana ɗaya a ƙarshen Maris, amma ƙa'idarsu ta ba su damar aika wa wasu 'yan kaɗan wasiƙar share fage, wadda ke shaida wa ɗalibi cewa ana sa ran ɗaukarsa muddin bai yi sakaci da karatunsa ko halinsa ba. Da yawa daga cikin masu samunta 'yan wasa ne da masu horarwa suka zaɓa, tun da waɗannan jami'o'i ba sa ba da tallafin karatu saboda wasanni, sai kuma wasu tsiraru da jami'a ke tsoron kada wata ta riga ta. Wata ƙawar 'yata ta sami irin wannan wasiƙa a tsakiyar Fabrairu. 'Yata ta taya ta murna da zuciya ɗaya, na ji muryarta a waya, amma bayan ta ajiye wayar ta yi kwana uku ba ta cika magana ba. Abin da ya shiga ranta shi ne, tun da ana aika irin wannan wasiƙa kuma ita ba ta samu ba, to an riga an wuce ta. Na yi ta nanata mata cewa mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba sa taɓa ganin wannan wasiƙa, kuma gaskiya na faɗa, sai dai gaskiyar da aka faɗa wa mai fargaba da rana takan gudu ta bar shi da dare.

Ko wasiƙar da ta zo da harshe bayyananne ma ba kullum take zama tabbas ba. A 2009 jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta aika saƙon maraba ga dukkan masu nema bisa kuskure, ciki har da mutum kusan 28,000 da ta riga ta ƙi, sannan ta biyo da saƙon ban haƙuri bayan 'yan sa'o'i. A 2015 jami'ar Carnegie Mellon ta aika wa mutum kusan 800 saƙon cewa an ɗauke su a digiri na biyu na ilimin kwamfuta, alhali ba a ɗauke su ba. Idan jimla cikakkiya mai cewa "an ɗauke ka" tana iya zama tuntuɓen na'ura, ina ga launin akwati ko ɓacewar maɓalli? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle kuma a ce abin da aka hango ƙura ce kawai.

To me ya sa muke yi, alhali mun san haka? Wannan tambayar ce ta fi daɗewa a raina, domin 'yata yarinya ce mai hankali wadda ta san lissafi fiye da ni, kuma ta san cewa a 2022 mutum sama da 61,000 ne suka nemi Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000. Na sami wani ɓangare na amsar a wani gwaji da masu bincike a Kwalejin Jami'ar Landan suka wallafa a 2016. Sun sa mutum 45 yin wani wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu, wanda duk ya tarar da maciji a ƙarƙashin dutsensa sai a ɗan ja shi da lantarki a hannu. Da suka auna gumin mutanen da buɗewar ƙwayar idonsu, sai suka ga damuwa ta fi tsanani a lokacin da yiwuwar jan lantarkin take rabi da rabi, fiye da lokacin da mutum ya tabbata za a ja shi. Wato rashin sani ya fi mugun labari ciwo. Daga nan na fahimci wata illa ta karatun alamu da ban taɓa lura da ita ba. Yarinyar da ta san cewa cikin mutum 100 uku ko huɗu kawai ake ɗauka tana iya zama da wannan sanin cikin natsuwa, ta sa rai kaɗan, ta shirya wa rashi. Amma da zarar an ce mata maɓalli ya ɓace, ko an nemi takardar haraji, sai zuciyarta ta ɗauke ta daga wannan wuri ta ajiye ta a tsakiya, inda ko a samu ko a rasa suke daidai, wato daidai wurin da ya fi kowane zafi. Ta je neman sauƙi, ta dawo da ninkin abin da take gudu.

Akwai kuma tsohon gwajin masanin halayya B. F. Skinner na 1948, inda ya riƙa zuba wa tattabaru abinci a kan lokaci ƙayyadadde, ba tare da la'akari da abin da suke yi ba. Ba a jima ba wata ta fara juyawa a cikin keji, wata tana kaɗa kai, kowace tana maimaita abin da ta kasance tana yi sa'ad da abincin ya faɗo. Camfin ɗalibai ma haka yake tsirowa, sai dai nasu yana da ƙarin taki, domin wanda alamarsa ta dace da sakamakonsa shi ne ke ba da labari a shekara mai zuwa, wanda tasa ta saɓa kuwa yana can yana jinyar zuciyarsa, ba ya son tuna maganar. Ta haka shaci-faɗi yake zama gado, ɗaliban bana suna karɓa daga na bara kamar wani ilimi.

Dole in faɗi nawa laifin, domin na fi kowa ƙara wa wutar nan itace a gidanmu. Kullum na dawo daga aiki, kafin in ajiye jakata, sai in tambaye ta ko an ji wani abu. A ganina kulawa nake nunawa. Mahaifiyarta ce ta zaunar da ni wata rana, ta ce, "Malam, yarinyar nan tana jiran jami'o'i goma, kada ka zama na goma sha ɗaya." Maganar ta shige ni ƙwarai, domin ta nuna mini cewa duk lokacin da na yi wannan tambaya, abin da 'yata take ji shi ne akwai wani hukunci na biyu da ke jiranta a gida bayan na jami'a. Tana duba shafukan nan sau da yawa a rana saboda kanta, amma tana duba su kuma don ta sami abin da za ta ce mini da yamma. Na kuma lura cewa ko kalmomin da muke ta'aziyya da su suna iya zama hanyar rufe baki. Idan ta fara faɗin abin da ke damunta, sai in yi sauri in ce ta yi haƙuri, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na yi imani da wannan har cikin raina, kuma ina so ita ma ta riƙe tawakkali, amma na gane ina faɗinsa ne tun kafin ta gama magana, saboda ni ne ba na iya jure jin fargabarta. Yanzu nakan bari ta kai aya, ko da za ta maimaita abin da ta faɗa jiya, sannan mu yi addu'a tare.

A farkon Maris muka zauna mu uku muka yi wata yarjejeniya mai sauƙi. Duk saƙon da ya zo daga jami'a, tambaya ɗaya za mu yi masa: yana neman a yi wani abu ne, ko kuwa a'a? Idan ya ce takardar sakamakon tsakiyar shekara ba ta iso daga makaranta ba, ko ana buƙatar sa hannu a wani fom, ko an ba da ranar hira, sai a yi aikin a ranar, a rufe kwamfuta. Idan bai nemi komai ba, to babu fassara, babu tambayar ƙawaye ko su ma sun samu. Shafukan kuma sau biyu a mako za ta buɗe su, Litinin da Alhamis, domin a tabbatar babu takardar da ta ɓace. Ba zan ce ta kiyaye wannan ɗari bisa ɗari ba, na san akwai daren da ta karya, kuma ban tsawata mata ba. Amma barcinta ya gyaru, ta koma zama a teburin cin abinci har a gama hira.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, Kate Sweeny, ta daɗe tana nazarin masu jira, ciki har da waɗanda suka kammala karatun lauya suna jiran sakamakon jarrabawar shiga aikin lauya ta jihar, wanda ke ɗaukar watanni. Daga cikin abin da ta gano akwai cewa aikin da ke haɗiye hankalin mutum gaba ɗaya, wanda bai yi sauƙi da yawa ba bai kuma fi ƙarfinsa ba, yana rage nauyin jira fiye da zama ana lallashin zuciya. Na ga gaskiyar wannan da idona, domin sa'o'in da 'yata take koya wa ƙaninta lissafi, ko take fama da aikin gwajin kimiyyarta na ƙarshen shekara, su ne kaɗai sa'o'in da fuskarta take komawa irin wadda na sani.

Wani abin da ya taimaka, wanda da farko ta ƙi, shi ne komawa ga abin da ke hannu. Tun a watan Disamba wata jami'ar jiha, daga cikin masu ba da amsa da zarar sun gama duba fayil, ta ba ta gurbi tare da ragin kuɗin makaranta mai kyau. Ta karanta wasiƙar sau ɗaya ta ajiye, kamar ba ita aka rubuta wa ba, saboda idonta yana kan waɗanda ba su amsa ba. Na roƙe ta mu zauna mu duba darussan sashen da take so a can, da sunayen ɗakunan gwaji, da abin da ɗaliban shekarar farko suke yi. Mun yi awa biyu a kai, har ta sami wani shiri na bincike da ya burge ta, ta rubuta tambayoyi uku da za ta aika musu. Wannan gurbi ba alama ba ne, wasiƙa ce mai sa hannu, kuma tana da har zuwa 1 ga Mayu, ranar da yawancin jami'o'in ƙasar suka tsayar domin ɗalibi ya ba da amsarsa. Na kuma gaya mata tun yanzu cewa ko ranar sakamakon ba lallai ta kawo ƙarshen jira ba, domin bayan "an ɗauke ka" da "ba a ɗauke ka ba" akwai amsa ta uku, wato a sa mutum cikin jerin 'yan ko-ta-kwana, waɗanda wani lokaci ba sa jin komai sai bayan 1 ga Mayu, idan an ga yawan waɗanda suka karɓi gurbi. Gara ta san da wannan yanzu da ta same shi bagatatan.

Ina ganin akwai haƙƙi a kan jami'o'in su ma. Jami'ar fasaha ta Massachusetts, wato MIT, ta saba sakin sakamakonta ranar 14 ga Maris, har da sanar da sa'a da minti tun kafin ranar, kuma ina ɗaukar wannan a matsayin jinƙai, domin wanda ya san lokacin da amsa za ta zo ba shi da dalilin leƙa ƙofa kowace sa'a. Wata daga cikin jami'o'in da 'yata ta nema kuwa ba ta ce komai ba sai "kafin ƙarshen Maris", sannan ta riƙa aiko da saƙonni masu take irin na albishir, waɗanda idan an buɗe sai a tarar talla ce ta ɗakunan kwana ko filin wasa. Duk wanda ya tsara irin wannan saƙo ya san wanda zai buɗe shi, ya kuma san halin da yake ciki. Jimla ɗaya a saman shafi, mai cewa babu wani sauyi a nan da ke nuna hukunci kafin rana kaza, da ta sauke wa dubban gidaje nauyi.

Jiya da daddare na tambaye ta yadda take so ranar ta kasance, domin ban so mu sake yanke mata wani abu ba tare da ita ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, ina so in buɗe ni kaɗai a ɗakina, kuma kada kowa ya tsaya a bakin ƙofa. Idan na gama zan fito da kaina." Mahaifiyarta ta tambaye ta ko tana so a sanar da 'yan uwa ranar, ta ce a'a, sai bayan kwana biyu, kowace irin amsa ce. Muka amince da duka biyun. Maɓallin janyewar nan kuwa ya dawo wurinsa tun makon jiya, ita ce ta faɗa mini ranar Alhamis, tana rufe kwamfutar, sannan ta tambaye ni ko zan duba mata lissafin da ta shirya wa ƙaninta.